Ya Da Zango A Birnin Alƙahira: Ganin Gari Tsakanin Jirgi Da Jirgi

Jawabin wannan mako ya shafi matafiya ne, musamman waɗanda hanya takan bi da su ta birnin Alƙahira na ƙasar Masar. Jiragen sama sukan kwaso fasinjoji daga Kano da Abuja da Legas, da Akara da Duwala da Injamena, su sauke su a wannan birni domin su canja jirgi zuwa Jidda ko Madina, ko Landan, ko kasuwannin ƙasar Sin. Wani mai niyyar Umra ne, wani ɗalibi, wani ɗan kasuwa, wani kuwa ya rako marar lafiya ne zuwa asibiti. Sau da yawa jirgin da ya kawo mutum da wanda zai ɗauke shi ba sa haɗuwa a kusa, sai ya tarar yana da awa goma ko goma sha biyu a hannunsa, ba abin yi sai zama a kan kujera da kallon allon tashin jirage. A nan ne zuciya takan raya masa cewa ga ɗaya daga cikin manyan biranen duniya a bayan katanga, me zai hana ya leƙa ya ba idonsa abinci?

Wannan sha'awa ba laifi ba ce, tafiya ai mabuɗin ilmi ce. Amma wanda ya fita ba da shiri ba yana iya wayar gari jirgi ya bar shi a ƙasar da ba ya da kowa. Asarar kuwa ba ƙarama ba ce. Bisa ga ƙa'idar galibin kamfanonin jiragen sama, fasinjan da bai bayyana ba a wani zango na tafiyarsa, akan soke sauran zangunan da ke cikin tikitinsa, har da na komawa gida, a kuma sauke kayansa daga cikin jirgi. Sai ya sayi sabon tikiti da kuɗin guzurinsa, in yana da su. Saboda haka akwai tambayoyi uku da ya kamata matafiyi ya amsa wa kansa kafin ya sa ƙafa a waje: ko an yarda ya fita, ko lokaci zai ishe shi, da kuma inda zai nufa.

Tambaya ta farko tun daga gida ake amsa ta, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke zaune cikin zauren masu ya da zango, a idon doka bai shiga ƙasar Masar ba tukuna. Shiga ƙasa yana bukatar izni, iznin kuwa ya danganta da irin fasfon da mutum yake riƙe da shi. Bahaushen da ke ɗauke da fasfon Ingila ko na Amurka yana iya sayen biza a nan filin jirgi, amma galibin masu fasfon ƙasashen Afirka ta Yamma ana bukatar su nemi tasu a ofishin jakadancin Masar kafin su taso. A shekarar 2023 hukumomin Masar sun ba da sanarwar wata biza ta kyauta ta masu ya da zango, wadda kan kai har awa 96, domin fasinjojin da suka shigo a jiragen kamfanonin ƙasar. Sai dai tana da sharuɗɗa, kuma jami'in shige da fice shi ke da magana ta ƙarshe. Abin da ya fi dacewa shi ne mutum ya je ofishin kamfanin jirgin da ya sayi tikiti, ya nuna fasfonsa, ya tambaya dalla-dalla abin da ya shafe shi, kada ya dogara da labarin wani da ya wuce bara da fasfo dabam. Har ila yau Masar tana neman katin allurar rigakafin shawara, watau katin nan mai launin rawaya, daga mutanen da suka fito daga ƙasashen da ake samun cutar, Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Cadi kuwa duk suna cikinsu. Wanda ya jefa wannan kati cikin babban akwatin da aka wuce da shi cikin jirgi, ya rufe wa kansa ƙofa.

Tambaya ta biyu ta lissafi ce, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗin kansu. Alal misali, jirgi ya sauka da ƙarfe 6 na safe, na gaba kuma zai tashi da ƙarfe 6 na yamma. A baki awa 12 ke nan, amma ba dukansu ne na matafiyi ba. Fitowa daga jirgi da bin layin shige da fice da canjin kuɗi za su ci awa ɗaya da rabi. Wajibi ne ya kasance ya komo filin jirgi awa 3 kafin tashi, domin a Alƙahira ana binciken mutum da kayansa tun daga ƙofar shiga, sa'an nan a sake kafin hawa jirgi, ga kuma layin buga hatimin fita. Tafiya cikin gari da dawowa a ba su awa biyu da rabi. Sa'an nan a ware awa guda a ajiye domin abin da ba a zata ba, kamar cunkoso ko lalacewar mota ko ɓatan hanya. In an tara an sami awa 8. Ashe abin da ya rage na ganin gari awa 4 ne tak. Daga wannan lissafi za a gane cewa wanda zangonsa bai wuce awa 8 ba, zamansa a filin jirgi shi ne alheri. Haka kuma wanda ya sauka da tsakar dare, ko da awowinsa sun yi yawa, gara ya nemi wurin hutawa ya jira gari ya waye.

Akwai wani tarko kuma a cikin agogo. Lokacin da aka rubuta a kan tikiti na ƙasar da jirgi zai tashi ne. A lokacin sanyi agogon Masar yana gaban na Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru da awa ɗaya, yana gaban na Gana da awa biyu. Amma tun shekarar 2023 Masar ta komo da al'adar tura agogo gaba da awa guda daga ƙarshen watan Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, watau a cikin waɗannan watanni bambancin ya zama awa biyu da Kano, awa uku da Kumasi. Mutumin da ya bar agogon hannunsa a kan lokacin gida yana iya zama yana shan shayi a kasuwa, yana tsammanin da sauran lokaci, alhali kuwa an riga an rufe ƙofar jirgi. Maganin wannan shi ne ya gyara agogonsa da na bangon filin jirgi tun kafin ya fita, ya kuma rubuta a takarda ƙarfe nawa ne zai juyo, ko ya gama kallo ko bai gama ba.

Kafin fita akwai 'yan shirye-shirye. Ya tabbata an ba shi katin shiga jirgi na biyu, ya kuma tambaya ko manyan kayansa za su wuce kai tsaye. Fasfo da wannan kati da katin allura su kasance cikin aljihun ciki ko 'yar jakar da ke rataye a ƙarƙashin riga. Kada ya bar fasfo a baya da sunan tsoron ɓata. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a shekarar 2023 mutane masu ɗimbin yawa sun tsallaka zuwa Masar, hukuma kuma ta tsananta binciken takardun baƙi, saboda haka baƙon da aka tsayar a hanya ba shi da shaidar ko shi wane ne, yana iya ɓata yininsa a ofishin 'yan sanda. In wani jami'i ya karɓi fasfo domin wani aiki, sai a nemi takardar shaida a madadinsa. Kuɗi kuma a canja kaɗan a bankunan da ke cikin filin jirgi, a nemi ƙananan takardu na fam ɗin Masar. Canji a bakin titi laifi ne a dokar ƙasar. 'Yan kasuwa su lura cewa wanda ya shiga da kuɗin da suka haura dalar Amurka 10,000 tilas ya bayyana su ga kwastan. Bugu da ƙari, tun shekarar 2023 wuraren tarihi da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi a wurin sayar da tikiti, sai katin banki. Magunguna ma abin lura ne: ƙwayoyi irin su tiramadol an hana shiga da su, har an taɓa ɗaure wata 'yar Ingila a shekarar 2017 saboda su. Mai shan magani ya riƙe takardar likita.

Filin jirgin saman yana arewa maso gabashin birnin, kimanin kilomita 20 daga tsakiyarsa, a birnin da shi da kewayensa mutane sun haura miliyan 20. Da zarar baƙo ya fito zai ga masu tarbarsa da fara'a, kowa yana cewa ga mota. Abin da ya fi aminci shi ne motar da aka ɗauka daga teburin haya na cikin filin jirgi, ko wadda aka kira ta manhajar waya irin su Uber da Careem, domin ana ganin kuɗin tun kafin a shiga, ana kuma da sunan direba. Lambobin motocin Masar da haruffa da alƙaluman Larabci ake rubuta su, a nan wanda ya yi karatun allo ko Islamiyya ya fi wani ɗan boko sa'a. In kuwa tasi ce ta kan titi, to a yi ciniki a gama kafin a zauna, a kuma tabbatar da cewa da fam ɗin Masar ake magana, kuma kuɗin na mota ne duka, ba na kowane kai ba. Ranar Juma'a da safe tituna a buɗe suke, domin hutun mako Juma'a da Asabar ne. Sauran ranaku kuwa cunkoso yakan yi tsanani da safe da kuma daga azahar zuwa bayan magariba, balle a watan azumi gab da shan ruwa.

Sai tambaya ta uku, watau ina za a nufa. Shawara a nan ita ce a zaɓi wuri ɗaya a tsaya a kansa. Ga mai awa uku ko huɗu babu kamar tsohon birni, inda Masallacin Azhar yake, domin yana ɓangaren gabas, kan hanyar da ta fito daga filin jirgi, ba sai an ƙetare Kogin Nilu ba. An aza harsashin wannan masallaci a shekarar 970, zamanin daular Faɗimiyya, aka fara salla a cikinsa a 972, kuma fiye da shekara dubu ke nan ana karatu a wurin. Tsallaken titi ga Masallacin Husaini, a gefensa ga kasuwar Khan al-Khalili wadda ta samo asali tun ƙarni na 14. Daga nan mutum yana iya bin titin Mu'izz da ƙafa, ya ga ginin Sarki Ƙalawun na shekarar 1285, wanda ya haɗa makaranta da asibiti, har ya kai tsohuwar ƙofar gari ta Bab al-Futuh. Duk waɗannan ana iya zaga su a ƙasa cikin awa biyu.

Bahaushen da ya tsaya a farfajiyar Azhar ba shi ne farkon mutumin ƙasarsa da ya taka wurin ba. Tun a ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka kafa makaranta da masauki a wannan birni domin ɗalibansu da alhazansu, daga baya kuma aka keɓe wa ɗaliban Barno sashensu a cikin Azhar. Mansa Musa na Mali ya ya da zango a nan a shekarar 1324 a kan hanyarsa ta zuwa Makka. Shehu Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1505, kuma ake karanta tafsirin Jalalaini da ya kammala a masallatan ƙasar Hausa kowane watan azumi, ya aika da wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas. Akwai kuma Malam Muhammadu al-Kashnawi, watau Bakatsine, masanin hisabi da taurari, wanda bayan ya yi aikin hajji ya zauna a Alƙahira yana koyarwa da rubuce-rubuce, har ya rasu a shekarar 1741 a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin nan na Masar. Su zangonsu na watanni ne da shekaru, na matafiyin yau kuwa na 'yan awowi ne, amma ƙofar da suka shiga har yanzu a buɗe take.

Wanda ya fi son hangen birnin daga sama sai ya nufi ganuwar da Salahuddin Ayyubi ya fara ginawa a shekarar 1176, inda Masallacin Muhammadu Ali yake. A ƙarƙashinta ga Masallacin Sarki Hasan na ƙarni na 14. Mai sha'awar ganin gawarwakin sarakunan dā kuwa ya sani cewa ba sa tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir. A watan Afrilu na 2021 an kwashe guda 22, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, zuwa sabon gidan tarihi da ke Fusɗaɗ, ba nisa da Masallacin Amru ɗan Asi, masallaci na farko da aka gina a Masar.

Dalar Giza ita ce kowa ya fi ɗokin gani, kuma ita ce ta fi cin lokaci. Tana yammacin kogi, nisanta daga filin jirgi ya kusa ninka na tsakiyar gari, saboda haka sai a ƙara awa guda a cikin lissafin da aka yi a baya. Babbar dalar, ta Sarki Khufu, ta yi shekara wajen 4,500, tsawonta na asali kuwa mita 146 ne. Dattawan da suka ga dalar gyaɗa a Kano za su gane siffar, sai dai wannan da duwatsu aka jera ta. Ana rufe wurin da ƙarfe 4 ko 5 na yamma, gwargwadon lokacin shekara. Kusa da shi ga Babban Gidan Tarihin Masar da aka yi bikin buɗewa a watan Nuwamba na 2025, inda aka tara kayan kabarin Sarki Tutankhamun, fiye da guda 5,000, wanda aka gano a 1922. Wanda bai da awa 12 cikakku da rana, kada ya nufi Giza. Wanda yake da su ma ya zaɓi ɗaya, ko dala ko gidan tarihi, domin mai son ya haɗa biyu yakan tashi bai ga ko ɗaya da kyau ba.

Game da lafiyar jiki da ta aljihu, Alƙahira ba ta yi suna da fashi da makami a wuraren baƙi ba. Abin da baƙo ya fi gamuwa da shi shi ne daɗin baki. Wani zai ce masa an rufe ƙofar da ya nufa, ya biyo shi ta wata, ƙarshenta sai ga shi a kantin turare. Wani zai miƙa masa abu ya ce kyauta ce, da ya karɓa sai a nemi kuɗi. Mai raƙumi a Giza yana iya faɗin kuɗin hawa, sa'an nan ya kawo na sauka. Duk waɗannan maganinsu ɗaya ne: a yi godiya da fuska a sake, a ci gaba da tafiya. Tikiti a saya a tagar hukuma kawai. In ana bukatar tambaya, matambayi ba ya ɓata, amma a tambayi mai kanti da ke zaune a kantinsa ko ɗan sanda, ba wanda ya biyo mutum da kansa ba. Akwai 'yan sanda na musamman domin baƙi masu yawon buɗe ido, lambar wayarsu 126, ta motar asibiti kuwa 123. Larabcin makaranta ana fahimtarsa sarai, ko da yake amsar da za a bayar da harshen Misirawa takan zo da sauri. Tukuici kuma, wanda suke kira bakshish, al'ada ce a wurinsu, mai tsaron takalma a masallaci ma yana sa rai da ɗan wani abu.

Haɗarin da ya fi kusa da baƙo shi ne ƙetare titi, domin motoci ba safai suke tsayawa ba. Dabara ita ce ya tsaya kusa da 'yan gari, su zama tsakaninsa da motocin, ya ƙetare sa'ad da suka ƙetare, ba gudu ba ja da baya. Tsakanin Azhar da Husaini akwai hanyar ƙarƙashin ƙasa ta masu tafiya da ƙafa, ita ya kamata a bi. Ruwa a sha na kwalba mai hatimi, abinci kuma a ci wanda aka sauke da zafinsa a inda jama'a suka yi yawa. Ɗanyen ganye da ƙanƙara a bar su, gama ciwon ciki a cikin jirgi ba ƙaramar wahala ba ce. A watannin Yuli da Agusta zafi yakan haura digiri 35, a lokacin sanyi kuwa dare yana bukatar rigar sanyi. Kada a ɗauki hoton soja ko ɗan sanda ko wurin bincike ko ginin gwamnati, domin wannan kaɗai ya isa a tsare mutum har jirginsa ya tashi. Mata sun fi samun natsuwa in sun fita su biyu ko uku, ko tare da muharrami, kuma a jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1987, akwai taragun da aka keɓe musu. Tsofaffi da marasa lafiya da masu ƙananan yara kuwa, hutu ya fi musu yawo amfani, musamman in aikin Umra ne ke gabansu.

Abu na ƙarshe shi ne komowa. In lokacin da aka rubuta a takarda ya yi, sai a tashi, ko ana tsakiyar ciniki. In ƙungiya ce aka fita, a sa mutum ɗaya ya riƙe agogo, a kuma yanke wurin haɗuwa tun da fari, kada a saki juna a cikin kasuwa. A gaya wa direba lambar ginin da jirgi zai tashi, domin filin yana da manyan gine-gine uku na fasinjoji, kuma sauka a wanda ba shi ba yana iya cin rabin awa. Wanda ya komo da wuri, iyakarta ya zauna ya jira, ya yi sallarsa a tsanake, ya kira gida ya ba da labarin abin da ya gani. Azhar ta shekara dubu tana nan, dala ta fi ta daɗewa, wanda bai gan su a wannan karo ba zai tarar da su a wani, in da rai da rabo. Jirgi ne kaɗai ba ya jira.

Allah ya kai kowane matafiyi inda ya nufa lafiya, ya kuma komo da shi gida lafiya.